Tsakanin Duwatsun Dutse Da Jigayin Jahun: Abin Da Gangare Ke Ɓoyewa A Ƙarshen Hunturu

Duk wanda ke jin Hausa, tun kafin ya taka ƙasar nan sunaye biyu sun riga sun gaya masa abin da zai tarar. Babban birnin sunansa Dutse, jihar kuma Jigawa. Na farko fa ne mai tauri da ya yi wa gari ƙawanya, na biyu kuwa tudun rairayi ne mai laushi da ƙafa ke nutsewa a cikinsa. Ranar 27 ga Agusta, 1991, aka cire jihar daga tsohuwar Jihar Kano, aka haɗa sunayen biyu a takardun gwamnati, amma ita ƙasar ta daɗe da haɗa su.

Mu bakwai ne, ɗaliban jami'a masu sha'awar labarin ƙasa, muka ware kwana biyu a makon ƙarshe na watan Fabrairu don zagaya wannan yanki. Abin da ya tayar da mu tambaya ce guda. Kowace shekara a irin wannan lokaci rediyo kan kawo labarin zaftarewar dusar ƙanƙara a tsaunukan Turai da Asiya, a ce ta binne ƙauye ko ta rufe motoci. Mu da ƙanƙarar da muka sani ba ta wuce ta cikin firji da wadda kan zubo a farkon damina ba, ina ruwanmu da wannan labari? Amsar da muka samo ita ce muka kawo muku, ƙannenmu na sakandare, domin ta fi shafar ku.

Yadda dusar ƙanƙara ke yaudarar mutum

Dusar ƙanƙara ba ta zuba a Najeriya, ko a kan Chappal Waddi na Jihar Taraba, tsauni mafi tsawo a ƙasar nan mai mita 2,419. Sai an je irin tsaunukan Atlas na Maroko ko ƙololuwar Kilimanjaro a Tanzaniya. Ba kamar ƙanƙarar damina take ba. Tana saukowa a hankali kamar ɓarɓashin auduga, ta kwanta a jikin tsauni, kuma ba ta narkewa sai sanyi ya wuce. Duk zubowa ɗaya shimfiɗa ɗaya ce, wata kan wata, kamar tabarmin da aka jibge.

Shimfiɗun nan ba ƙarfinsu ɗaya ba. Idan aka yi darare masu tsananin sanyi, ƙwayoyin wata shimfiɗa kan sauya su zama kamar sukari, ba sa manne wa juna. Daga baya sabuwar dusa ta zubo a kai, iska ta daddanne ta, ta yi tauri kamar daɓe. Wanda ya taka sama zai ji ƙarfi a ƙarƙashin ƙafarsa, alhali daɓen a kan sukari yake zaune. Zuwa Fabrairu da Maris, ƙarshen sanyinsu ke nan, kaya ya yi nauyi, rana kuma ta fara zafi, ruwan narkewa yana tsiyaya ciki yana ƙara sassauta abin da ke ƙasa. Nauyin mutum ɗaya ya isa ya karya raunanniyar shimfiɗar. Tsaga ta ruga a guje, faifan da zai iya kai girman filin ƙwallo ya ɓalle gaba ɗaya, cikin daƙiƙu kaɗan gudunsa ya haura kilomita 100 a sa'a.

Ranar 23 ga Fabrairu, 1999, irin haka ta faɗa wa ƙauyen Galtur a ƙasar Ostiriya, mutum 31 suka rasu. A Fabrairun 2010 ta rufe motoci a mashigar Salang ta Afganistan, aka rasa sama da mutum 160. A Fabrairun 2020 kuwa, a lardin Van na Turkiyya, zaftarewar farko ta binne wata ƙaramar bas, washegari ta biyu ta sauko kan masu aikin ceto, jimillar mamatan ta haura 40. Ku riƙe wannan na ƙarshe, za mu bukace shi nan gaba.

Mutanen can ba su naɗe hannu ba. A ƙasashen tsaunukan Alps ana fitar da sanarwar haɗari kullum, da mataki daga 1 zuwa 5. Masana kan haƙa rami a cikin dusar su karanta shimfiɗunta ɗaya bayan ɗaya. Sun gano cewa mafi yawan zaftarewa na tashi ne daga gangaren da karkatarsa ke tsakanin digiri 30 da 45, kuma a cikin kowane haɗari 10 da ya ci rai, kusan 9 wanda abin ya rutsa da shi ne ko abokin tafiyarsa ya tayar da shi. Darasinsu a taƙaice: abin da ke sama ba ya gaya maka gaskiyar abin da ke ƙasa. Da wannan darasi muka hau duwatsunmu.

Dutsen da ke numfashi

Bayan sallar asuba muka nufi ɓangaren Garu, tsohon garin da fadar Mai Martaba Sarkin Dutse take, muka kama hawa hannuwa cikin aljihu saboda sanyi. Daga sama, hazo ya lulluɓe gari, sai kawunan itatuwan dabino da hasumiyoyin masallatai ke leƙowa. Ko'ina ka waiga manyan duwatsu ne wani kan wani, wasu a zaune kan ɗan gurbin da bai fi faɗin faranti ba, kamar da hannu aka ɗora su.

Masana ilimin duwatsu sun ce wannan dutse, da suke kira giranit, narkakke ne da ya huce ya daskare sama da shekara miliyan 200 da suka wuce. Dangin duwatsun tsaunin Jos ne, kuma na Dutse yana cikin mafiya tsufa a jerin. Abin da ya kai wannan shekaru, mutum sai ya ɗauka ba ya motsi. Amma da muka duba falalen da muke tsaye a kai, sai muka ga fuskarsa tana ɓarewa faifai-faifai kamar ɓawon albasa. Ɗayanmu ta ɗauki ɗan dutse ta ƙwanƙwasa. A wani wuri sautin ya fito a dunƙule, taku biyu gaba kuma ya yi amo kamar ganga. Inda ya yi amo, faifan ya riga ya rabu da uwarsa, akwai sarari a ƙarƙashi da ido ba ya gani. Mutanen da can sun san duwatsu masu amo. A Birnin Kudu, inda zanen shanu na zamanin da yake a jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai duwatsun da ake kaɗawa su yi ƙara kamar ƙararrawa.

Me ke ɓare dutse haka? Zafi da sanyi na cikin masu aikin. A ƙarshen hunturu asuba kan yi sanyin da sai da rigar sanyi, azahar kuma zafi ya haura digiri 30, fuskar dutsen ta ɗauki zafin da ba a iya taka ta ba takalmi. Da rana fatar dutsen tana buɗewa, da dare ta tsuke, cikinsa kuwa bai sauya ba. A gandun Yosemite na Amurka, mai irin wannan dutse, wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna tsagar bayan wani faifai tana buɗewa tana rufewa har kusan santimita 1 a kowace rana, kamar dutsen yana numfashi. Masu fasa dutse na garuruwanmu sun daɗe da sanin wannan sirri: sukan hura wuta a kan fa har ya tsage, sannan su bi da guduma. Abin da rana ke yi cikin shekaru ne suke yi cikin yini. Bayan zafi sai saiwar itace da ke kutsawa cikin tsaga tana buɗa ta, sai kuma ruwan farko da kan wanke ƙasar da ta tokare gindin dutse.

Da hantsi ya yi muka sami inuwa ƙarƙashin wani ƙaton dutse da ya sunkuyo. Ba mu daɗe ba wani dattijo mai kiwon awaki ya ɓullo.

“Sannu da aiki, Baba,” muka ce.

“Yauwa, sannunku 'yan makaranta. Amma ku taso daga nan, ga inuwar itace can.”

Muka tambaye shi ko ya taɓa ganin dutsen ya motsa. Ya nuna mana wata tsaga da ta ratsa bayansa da bakin sandarsa. “Ina yaro, tsinke ba ya shiga nan. Yau ga shi sandata ta shige. 'Ya'yana, ai dutse ba ranar da ya tsage yake faɗuwa ba.”

A kan hanyar saukowa muka fara ganin abin da muka wuce da safe ba mu kula ba: gutsattsarin duwatsu a gindin tsauni, wasu sun yi baƙi don daɗewa, wasu kuma fuskarsu fes, alamar ba su jima da ɓallowa ba. Inda ka ga irin waɗannan sababbi, ɗaga kai ka duba sama kafin ka zauna.

Ƙasar da iska ta gina

Washegari muka bi hanyar Shuwarin zuwa Kiyawa, muka karkata arewa wajen Jahun. Sannu a hankali duwatsu suka ɓace a bayanmu, ƙasa ta koma hawa da sauka a hankali, dogon tudu sai kwari, dogon tudu sai kwari. Waɗannan su ne jigayin da jihar ta ci sunansu. Tsofaffin tuddan hamada ne da iska ta tara dubban shekaru da suka wuce, lokacin da yankin ya fi yau bushewa nesa ba kusa ba. Sun miƙe ne daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, hanyar da iskar hunturu ke bi har gobe. Wani Baturen Ingila masanin labarin ƙasa, A. T. Grove, ya yi rubutu a kansu a 1958. Yau ciyawa da itatuwa sun ɗaure su, ana noman gero da gyaɗa da riɗi a kai, kwarin da ke tsakaninsu kuma ya zama fadama.

A gefen wata gona muka yi gwaji mai sauƙi. Muka ɗebi busasshen rairayi muna zubawa wuri ɗaya har ya yi tsibi, muka auna gefensa da ma'aunin kusurwa, wannan mai siffar rabin wata da ke cikin akwatin lissafinku. Sau biyar muka maimaita, kullum amsar tana tsakanin digiri 30 da 34. Ko nawa ka ƙara a sama, tsibin ba zai fi haka miƙewa ba, sai gefe ya zame ya koma yadda yake. Kun ga ke nan rairayin Jahun da dusar Ostiriya kusan a karkata ɗaya suke fara zamewa.

Sai muka yayyafa wa rairayin ruwa. Nan da nan ya yarda a yanka shi a tsaye kamar bango. A nan yaudarar take. Danshi ne ke riƙe da ƙwayoyin, kuma danshi baƙo ne. Bangon ramin da aka yanka da kaka, lokacin da ƙasa ke da sauran laimar damina, zai iya tsayawa wata da watanni. Iskar hunturu tana tsotse laimar kullum, har ranar da abin da ke riƙe da shi zai ƙare, ba tare da kamanninsa sun sauya ba.

Kududdufi, tsauninmu na bayan gari

Ƙarshen hunturu lokacin gini ne a karkara. An gama girbi, akwai ɗan kuɗi a hannu, ana gyaran katanga da ɗakin amarya kafin ruwa ya sauko. Don haka kusan kowane ƙauye muka wuce, akwai masu haƙa a kududdufin bayan gari, ga jakuna da amalanke, wani wurin har da tifa. Da yawan masu haƙar sa'o'inku ne.

A wani kududdufi da muka tsaya, bangon ya fi tsawon mutum biyu. Muka karanta shi yadda masanan can ke karanta dusarsu. A sama akwai ƙasa mai tauri da rana ta gasa, diga ma da ƙyar take cin ta. A ƙarƙashinta akwai mai laushi da shebur ke ɗiba ba wahala. Kowa ya san wadda mai haƙa zai bi. An rarake ta ƙasa har ta zama kogo, ta saman ta yi rumfa ba ginshiƙi. Wannan shi ne daɓe a kan sukari, ba sai an je Turai ba.

Wani yaro ɗan aji uku na ƙaramar sakandare ya fito daga cikin kogon, ƙura har gira. Muka tambaye shi me ya sa ba ya sara daga sama.

“Haba Yaya, ta saman ai ƙarfe ce. Nan ciki ga laushi ga inuwa. Kafin mai saran sama ya cika amalanke ɗaya, na cika biyu.”

Ya ce kuɗin littafi da na takalmi yake haɗawa. Ba wanda zai ga laifin mai neman na kansa, kuma lissafinsa na amalanke daidai ne. Akwai dai wani lissafin da ya kamata a ɗora a kai. Ƙasa mai tsawon mita 1, faɗin mita 1, kaurin mita 1, nauyinta ya kai kimanin tan ɗaya da rabi, wato buhun siminti 30. Rumfar da ke kan yaron ta ninka haka sau da yawa. Ba sai ƙasa ta rufe kai take kisa ba. Idan ta kama mutum zuwa ƙirji, duk numfashin da ya fitar sai ta ƙara matsewa, har ya kasa jawo wani.

Shi ya sa dokar aikin gini a Amurka ta ce duk ramin da ya kai zurfin mita 1.5, in ba a cikin tsayayyen dutse yake ba, dole a kwantar da bangonsa ko a tokare shi kafin mutum ya shiga, kuma ƙasar da aka fitar a ajiye ta aƙalla santimita 60 daga baki. Mita 1.5 bai wuce tsawon da yawa daga cikinku ba.

Muka hau saman bangon ta gefe tare da yaron, daga nesa muka nuna masa siririyar tsaga da ta bi bakin ramin, taku ɗaya daga gaɓa. Daga cikin kogo ba a ganin ta. Ya daɗe yana kallo, sannan ya kira abokansa biyu su ma su gani.

Abin da za ku riƙe

Gangare kan yi gargaɗi, sai dai a hankali yake magana. Tsaga a saman gaɓa, rairayi yana tsiyayowa shi kaɗai, bango ya turo ciki, ƙaramar ƙara kamar ana karya kara, duk sallama ce, a fita nan take a bar kayan aiki. Kada a rarake gindi a bar rumfa. A sara daga sama, a yi wa bango matakala ko a kwantar da shi. Kada a tara ƙasa ko a tsayar da tifa a bakin rami akwai mutum a ciki. Kada a yi haƙa mutum ɗaya, kuma kada kowa ya shiga lokaci guda, a bar mai tsaro a waje idonsa a kan gaɓa. Kwanakin da suka fi haɗari su ne na ƙarshen rani da ƙasa ta bushe ƙarau, da kuma bayan ruwan farko da ke cika tsaga ya ƙara wa ƙasa nauyi.

Idan kuma ƙaddara ta afku, ku tuna da lardin Van. Bangon da ya rufta sau ɗaya yana da saura. Kada jama'a su yi tururuwa cikin rami ko su taru a bakinsa. Wani ya ruga kiran manya, wani ya buga lambar gaggawa ta 112, wani ya tsaya yana duban gaɓa, wanda ya ga inda mutumin yake tsaye kafin ruftawar ya nuna wurin. A tona da shebur, in an matso kusa a koma hannu, ban da diga. A fara buɗe fuska da ƙirji. Lokaci gajere ne: alƙaluman ƙasar Suwizalan sun nuna cewa cikin waɗanda dusar ƙanƙara ta binne, kusan 9 cikin 10 na rayuwa idan an tono su cikin minti 15, amma bayan minti 35 sai kusan 3 cikin 10. Ƙasa kuwa ta fi dusa nauyi da toshe iska. Wanda aka ciro, ko ya miƙe da ƙafarsa, a kai shi asibiti, domin matsewa kan yi ɓarna a ciki da ba a gani a waje.

Aikin gida

Ku gwada wannan a aji tare da malamin labarin ƙasa ko na kimiyya. Ku sami faranti mai faɗi, ku baza ƙwayar gero a kai, ku zuba garin tuwo mai ɗan danshi a sama ku daddanne da tafin hannu har ya yi daɓe. Ku yi wani farantin da gari zalla ba gero. Ku riƙa ɗaga gefe ɗaya a hankali, wani yana auna karkatar. Ku rubuta digirin da kowanne ya zame, ku lura da yadda na geron ke tsagewa ya tafi a faifai guda.

Sannan ku je kududdufi mafi kusa da makarantarku, ku tsaya daga nesa, ku zana bangonsa: shimfiɗa nawa ce, wacce ce mai tauri, ina aka rarake, ina tsaga take. Ku kai zanen ga shugaban makaranta, shi kuma ya isar wa mai unguwa kafin ruwan farko ya sauka. Cikin masu shiga ramin nan gobe da safe akwai wanda kuke zama benci ɗaya da shi, kuma maganar aboki ta fi saurin shiga kunnensa.